Jinkirin Shari'a da Himmar Lauyan Talaka: Waiwaye Daga Ƙasar Zazzau

Makasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wata matsala da ta daɗe tana ci wa talakan ƙasar nan tuwo a ƙwarya, watau daɗewar da shari'a kan yi a gaban kotu, musamman shari'ar mutumin da ba shi da halin ɗaukar lauya sai dai hukuma ta ɗaukar masa. An zaɓi a tsaya a ƙasar Zazzau ne domin a nan Zariya, a Kwango, aka horar da alƙalan da suka fara aiki da sababbin dokokin Jihar Arewa, kuma a nan ɗin ne har yau ake yaye lauyoyi kowace shekara. Mutumin Zabi ko na Samaru ko na Muciya da aka tsare masa ɗa, ya yi ta zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da gidan yarin Ƙofar Doka, yakan ɗora laifin duka a kan wanda idonsa ke gani, shi ne lauya. Yana da gaskiya a wani fannin. Amma kafin a yanke wa lauya hukunci, ya kamata a san yadda aka yi ya shigo cikin maganar, domin baƙo ne a kotunan ƙasar Hausa, baƙuntarsa kuwa ba ta daɗe ba.

Alƙalan da Turawa suka tarar sa'ad da suka shigo Zazzau a 1902 suna hukunci ne da littattafan Malikiyya, irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu a 1426. Duk wanda ya karanta babin alƙalanci a waɗannan littattafai zai ga cewa masu su sun ɗauki lokaci a bakin wani haƙƙi na mai ƙara da wanda ake ƙara. Wanda ya ce yana da shaidu amma ba su kusa, akan yanka masa ajali. A yawancin da'awar da ba ta shafi gida ko gona ba, Tuhfa ta tsara ajalin daki-daki: kwana 8, sa'an nan 6, sa'an nan 4, sa'an nan a ƙara masa 3 na sararawa, jimla kwana 21 ke nan. In sun cika bai kawo kome ba, alƙali ya yi masa i'izari, watau ya tambaye shi ko da sauran wata hujja, in babu ya yanke hukunci. Muhtasar kuwa ya ce sabon alƙali in ya hau kujera, abin da zai fara dubawa shi ne mutanen da ke tsare, kafin ma ya waiwayi dukiyar marayu. Har wakilci ma an yi masa linzami. Mutum yana iya wakilta wani ya yi masa husuma, amma da zarar wakilin ya zauna da abokin shari'a kamar sau uku, to, ba a tuɓe shi, shi ma ba ya janye jikinsa, sai da uzuri karɓaɓɓe. Dalilin a fili yake: kada a mai da canjin wakili hanyar wahalar da abokin husuma. Wannan ƙa'ida ta fi shekara ɗari shida a rubuce, amma kamar don kotunan yau aka yi ta.

Ba a ce kowane alƙali ya bi abin da littafi ya ce ba. Shehu Usmanu da kansa ya soki cin hanci da karkatar da hukunci a cikin Kitabul Farƙi, kuma koke a kan alƙalai bai ƙare da jihadi ba. Abin lura kawai shi ne cewa cikin abubuwan da aka fi kuka da su a wancan tsari, jinkiri ba ya kan gaba.

Turawa sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna a ƙarƙashin En'e, suka sa Razdan da Di'o su riƙa duba littattafan shari'arsu, sa'an nan suka toshe wa lauya ƙofa. Bayan haɗewar 1914, Lugga ya hana lauyoyi bayyana a kotunan lardi waɗanda jami'an mulki ke shugabanta, haka kuma a kotunan gargajiya. Hujjarsa ita ce lauya zai tatse talaka, ya kuma koya masa jan shari'a. Akwai ƙamshin gaskiya a hujjar, sai dai ba ita kaɗai ba ce, gama Bature mai mulki ba ya son ɗan Ikko da ya karanto doka a Ingila ya tsaya yana yi masa gardama a gaban talakawa. An rushe kotunan lardi a 1933, amma hanin ya ci gaba a kotunan En'e, inda nan ne kusan dukan shari'un mutanen Arewa suke ƙarewa. Ta haka Zariya ta zama gari mai shari'a iri biyu. Sabon Gari, wanda ya tsiro da zuwan jirgin ƙasa ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, shi ya fara sanin kotun Turawa da lauya. Cikin birni da ƙauyukan kewaye kuwa sai alƙali da muhutinsa da ɗan doka.

A zamanin siyasar NEPU, wadda aka kafa a 1950, rashin lauyan ya fito da haƙoransa. Akan kama ɗan adawa da safe, kafin la'asar yana gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin Zariya, ta sha ɗauri a irin waɗannan kotuna. Kukan wancan zamani ke nan: shari'a tana sauri fiye da kima, ba kuwa mai tsaya wa wanda ake tuhuma. Lauyoyin ma ina suke? Sai a 1955 Arewa ta sami lauyanta na farko, Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdurrazaƙ, mutumin Ilori, wanda ya zauna a nan Zariya. Muhammadu Bello na Katsina, wanda daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ya biyo baya a 1956.

Gab da samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna ta kira wani kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, cikinsu har da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan. Daga shawararsu aka sami dokar Finalkod da dokar tsarin bin shari'ar laifi, waɗanda suka fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kwango ita aka ɗora wa nauyin koya wa alƙalai da ma'aikatan kotu waɗannan dokoki, kafin ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A cikin sabuwar dokar akwai sassa biyu da suka ja wa juna baya. Sashe na 186 ya ce wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, in ba shi da lauya, kotu ta ba shi. Sashe na 390 kuwa ya sake nanata cewa lauya ba zai bayyana a kotun gargajiya ba. Ko da soja suka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a watan Afrilu na 1968, aka rufe kotun Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu tare da na sauran sarakuna, aka kafa kotunan yanki, hanin bai ɗagu ba. Sai da tsarin mulkin 1979 ya ba kowane wanda ake tuhuma ikon kare kansa da lauyan da ya zaɓa, sa'an nan Babbar Kotun Jihar Binuwai, a shari'ar Uzodinma ta 1982, ta ce sashe na 390 ya saɓa wa tsarin mulki. Watau dai shekarun da lauya ya yi yana shiga kotun da talakan Zazzau ya fi zuwa ba su kai hamsin ba.

Shi kansa taimakon shari'a a matsayin aikin hukuma, Ingila ta kafa nata da dokar 1949, Amurka kuma Kotun Ƙolinta ta wajabta wa jihohi ba matalauci lauya a shari'ar Gideon ta 1963. A Nijeriya wasu lauyoyi ne suka fara, a ƙarƙashin jagorancin Chimezie Ikeazor, suka kafa ƙungiyar sa kai a 1974. Gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓi aikin da Doka ta 56 ta 1976, wadda ta kafa Hukumar Taimakon Shari'a. Farkon abin a taƙaice yake: kisan kai, da kisan da ba na ganganci ba, da yi wa mutum mummunan rauni, da duka mai barin lahani. Fashi da makami, wanda yake kai mutum gaban bindiga, ba ya ciki.

Ma'aunin talaucin da dokar ta sa ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda doka kan yi barci rayuwa ta wuce ta. A 1976 an ce sai wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 720 ba, watau naira 60 a wata, daidai da ƙaramin albashin gwamnati bayan Udoji. A 1981 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata, naira 1,500 ke nan a shekara, amma ma'aunin bai motsa ba sai a 1986. Shekara biyar ke nan masinja da leburan gwamnati suna cikin mawadata a idon wannan doka. A 1994 aka ɗaga shi zuwa naira 5,000 a shekara, ya kwanta a nan har shekara 17, alhali tun a shekarar 2000 mafi ƙarancin albashi na wata guda ya kai naira 5,500. Sai sabuwar dokar 2011 ce ta ɗaure ma'aunin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a 2024, ta kuma shigar da fashi da makami cikin laifuffukan da ake ba da lauya a kansu.

To, ina lokacin yake tafiya? A ɗauki misalin saurayi daga Zabi da aka kama bisa zargin kisa ko fashi. 'Yan sanda sukan kai shi gaban majistare da takardar ƙara ta farko, alhali kowa a ɗakin ya san majistare ba shi da hurumin sauraron wannan laifi. Abin da zai iya kawai shi ne ya tura shi gidan yari, ya ɗage zama, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil zai bar Zariya ya tafi Kaduna, tafiyar da mota ke yi cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, amma takarda takan yi watanni, in ma ba ta ɓace ba. Kafin shawara ta fito, mai yiwuwa an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki. In an kai ga Babbar Kotu a Dogarawa, sai a shiga neman shaidu, waɗanda ba mai biya musu kuɗin mota. Ran da shaidu suka zo, motar gidan yari ba ta da mai. Ran da aka kawo wanda ake tuhuma, joji ya tafi zaman ƙarar zaɓe. In kuwa aka ɗaga jojin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, shari'a ta koma farko ɗungum. Kotun Ƙoli ta amince da halascin irin wannan tsarewa ta majistare a shari'ar Lufadeju ta 2007. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce wanda ke tsare in an yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da bisa sharaɗi, amma sashen da kansa ya cire wanda ake zargi da laifin kisa daga wannan rangwame. Mutanen da aka kafa Hukumar Taimakon Shari'a dominsu tun farko, su ne daidai waɗanda aka cire.

A duk wannan jerin babu inda hannun lauyan wanda ake tuhuma ya fito, kuma adalci ne a faɗi haka. A 2008 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa kashi 65 cikin 100 na mazauna gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, lauyoyin Hukumar kuwa 91 ne a ƙasar baki ɗaya. A 2024 ma masu zaman jiran shari'a sun kai wajen kashi biyu cikin uku na dukan fursunoni. Lauya ɗaya da aka jibga wa fayil ɗari, ba mota, ba kuɗin zirga-zirga, ba a yi masa adalci ba in an auna shi da ma'aunin wanda attajiri ya biya don shari'a guda.

Amma fa akwai rabon lauya a cikin laifin, kuma kotuna sun sha faɗa. A shari'ar Josiah ta 1985 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kisa saboda an yi shari'ar ba lauya sam. Shekara uku bayan haka, a shari'ar Udofia ta 1988, ta fuskanci abin da ya fi wannan ɗaure kai: an ba wanda ake tuhuma lauya, amma aka yi wa shari'ar riƙon sakainar kashi, har kotun ta ga cewa da shi da marar lauya duk ɗaya ne. Ta soke hukuncin kisan, ta ce a sake shari'a. Mai sauraro ya lura da abin da wannan nasara take nufi ga mai ita: shekarun da ya riga ya yi a tsare sun tafi, ya koma layi daga farko. Tun daga dokar 1976 an dogara da lauyoyi masu bautar ƙasa don cike giɓi, cikinsu kuwa akwai masu ƙwazo ƙwarai, sai dai hidimarsu shekara ɗaya ce, shari'ar kisa kuwa ba kasafai take ƙarewa cikin shekara ba. Mai gadon fayil yakan fara ne da roƙon a ɗage zama don ya karanta. Abin da malaman Malikiyya suka yi gudu ke nan da suka hana wakili janyewa bayan zama uku.

Akwai kuma wasu ƙa'idoji biyu na sana'ar lauya da suke sassauta wa mai sakaci. Ta farko ita ce al'adar kotuna cewa ba a ɗora wa mai shari'a zunubin lauyansa. Rahama ce aka nufa da ita, kuma ta ceci mutane da yawa, amma ta sa lauyan da ya makara wajen shigar da takarda ya san cewa in ya nemi ƙarin lokaci zai samu, wanda ke kwance a kurkuku shi zai biya da kwanakinsa. Ta biyu tana cikin sashe na 9 na dokar lauyoyi ta 1975. Sashen ya ce ana iya ƙarar lauya a kan sakaci, sa'an nan ya keɓe abin da ya yi a gaban kotu, ya kuma ba shi damar yin sharaɗin sauke wa kansa alhaki in aikin kyauta yake yi. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya fi kowa rauni shi ne ya fi kowa ƙarancin abin riƙewa in an yi masa sakaci. Gaskiya ne akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, kuma ƙa'idojin sana'ar sun wajabta wa wanda aka ba shari'ar fursuna matalauci ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma mutumin da bai san sunan lauyansa ba, wanda sai a harabar kotu yake ganinsa na minti biyar, ta yaya zai rubuta ƙorafi zuwa Abuja? Dokar 2011 ta ɗan taɓa wannan wuri, da ta ce mai neman muƙamin Babban Lauyan Nijeriya sai ya nuna shari'u uku na kyauta da ya gudanar da himma, ta kuma mai da watsar da irin waɗannan shari'u laifi a sana'a.

Jinkiri bai tsaya a kan matalauta kaɗai ba. Shari'ar filin nan ta Ariori da Elemo an shigar da ita a Ikko a 1960, aka yanke hukunci a 1975, ta isa Kotun Ƙoli, wadda a 1983 ta ce jinkirin ya ɓata shari'ar, a koma a sake. Bambancin shi ne masu shari'ar fili a gidajensu suke kwana.

An yi ta ƙoƙarin gyara. Tun 1977 akwai dokar da ta ba Babban Joji ikon shiga gidan yari ya saki wanda zamansa na jira ya wuce iyakar ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifi. Wannan zagaye yana da amfani, kuma ya yi kama da abin da Muhtasar ya ɗora wa sabon alƙali, sai dai kwasar ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Jihar Kaduna tana cikin jihohi huɗu, tare da Sakkwato da Imo da Ondo, da aka fara gwada ajiye lauya mai jiran aiki a ofisoshin 'yan sanda, shirin da rundunar ta amince da shi a 2006. Hikimarsa ita ce a tari matsalar tun a sa'o'in farko, kafin mutum ya faɗa ramin jiran shawara, domin lauyan da ya zo a rana ta farko yakan yi da takarda ɗaya abin da zai ci masa shekara in ya zo a wata na shida. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta komo kan maganar ajali da lissafi: tsarewar majistare kwana 14 a karon farko, shawarar Antoni Janar cikin kwana 14, shari'a kullum-kullum in ta fara, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce neman ɗagewa sau biyar. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Dokar Tarayyar ta kuma yi ƙoƙarin barin jojin da aka ɗaga ya dawo ya ƙarasa shari'ar da ya fara, amma a watan Mayu na 2020, a shari'ar da ta shafi tsohon gwamnan Abiya Orji Kalu, Kotun Ƙoli ta ce wannan sashe ya saɓa wa tsarin mulki. A 2021 kuma ma'aikatan kotuna suka rufe ƙofofi tun daga farkon Afrilu har cikin Yuni suna neman 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a, kwanakin da dokar ta ƙidaya suka yi ta wucewa ba mai zaman da zai lissafa su.

A Kwango, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin shari'a, inda ɗalibai ke koyon aiki ta hanyar sauraron matsalolin marasa hali a ƙarƙashin kulawar malamansu. Ɗalibi ba shi da ikon tsayawa gaban joji. Abin da yake iyawa shi ne ya zauna da wanda ke tsare ya rubuta ranar da aka kama shi, da kotun da ta tura shi, da lambar fayil, ya nemo danginsa a Zabi ko Basawa ko Bomo waɗanda wataƙila ba su san inda yake ba, sa'an nan ya bi sawun takardar har teburin da ta maƙale, ya miƙa wa lauyan da zai shigar da buƙatar beli.